Neman aiki a jami'ar bincike: wa zai biya albashin, kuma har yaushe?

Tambaya: "Na gama digiri na farko da na biyu a fannin sinadaran jikin halitta, wato bayokemistiri. Burina in yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na babbar jami'ar da ta shahara da bincike, amma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce sai na yi digiri na uku na zama malami. Shin babu wata ƙofa sai wannan? Kuma me ake dubawa idan za a ɗauki mutum?"

Ɗan'uwa, ƙofofi suna nan da yawa, kuma ta malanta ita ce mafi ƙunci a cikinsu. Waɗanda suka ba ka wannan shawara da zuciya ɗaya suka ba ka, sai dai daga aji suka san jami'a. Ɗalibi malami yake gani kullum, don haka yake ɗauka jami'a malamai ce kawai. Wanda ya ratsa ta bayan azuzuwa ya shiga gine-ginen bincike ya san farfesoshi 'yan kaɗan ne idan aka jera su da sauran ma'aikatan da ke riƙe da wurin.

Na daɗe ina zama a kwamitocin ɗaukar ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin matashi mai ƙwazo yana ta aika takardu barkatai ba tare da ya san yadda gurbin aiki yake samuwa ba tun farko. Saboda haka daga nan zan fara.

A jami'ar bincike albashi daga aljihu biyu yake fitowa. Na farko kasafin jami'ar ne da kanta, abin da take samu daga gwamnati, ko kuɗin karatun ɗalibai, ko dukiyar da aka yi mata waƙafi. Mu kira shi kuɗin gida. Na biyu tallafin bincike ne, wanda malami yake zama ya rubuta abin da yake son ya binciko, ya shiga gasa da ɗaruruwan takwarorinsa, ya ciyo daga wata hukuma ko gidauniya ko kamfani. Tsawon aikinka, da wanda zai zaɓe ka, da abin da za a nema a wurinka, da ranar da za a sallame ka, duk suna bin aljihun da aka ciro albashinka.

Wannan tsari yana da tarihi. Haɗa koyarwa da bincike a gida ɗaya ya samo asali ne daga jami'ar Berlin da aka kafa a 1810 bisa tunanin Wilhelm von Humboldt, sannan jami'ar Johns Hopkins ta kai salon Amurka a 1876. Amma raba kuɗin bincike ta hanyar gasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bunƙasa. A 1950 Amurka ta kafa hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta NSF, Tarayyar Turai kuma ta kafa majalisar bincikenta ta ERC a 2007. Tun daga nan ɗakin gwaje-gwaje ya zama wuri mai cin gashin kansa a cikin jami'a: jagoran bincike shi ke nemo kuɗi, shi ke ɗaukar mutanensa, kuma idan kuɗin ya ƙare ba a sabunta ba, mutanen sukan watse.

Dubi yadda abin yake a aikace. Babban tallafin da hukumar lafiya ta Amurka, NIH, take bai wa jagoran bincike, wanda ake kira R01, yawanci na shekara 4 ne zuwa 5. Tallafin ERC na masu fara kafa ɗakinsu yakan kai Yuro miliyan 1.5 na shekara 5. A cikin takardar neman kuɗin, malamin ya riga ya rubuta cewa zai ɗauki mai binciken bayan digiri na uku ɗaya, ɗalibai biyu, da mai fasahar ɗakin gwaji ɗaya. Ranar da aka ce ya ci gasar, agogo ya fara tafiya a kansa, kuma duk watan da ya wuce babu hannu a kan aikin asara ce gare shi. Shi ya sa irin wannan gurbi yakan fito da gaggawa, a rufe shi da gaggawa. Shi ya sa kuma ofishin kula da ma'aikata takardu kawai yake shiryawa. Mai yanke hukunci shi ne jagoran binciken.

Ga amfanin sanin haka a gare ka. Sunayen waɗanda suka ci tallafi ba a ɓoye suke ba. NIH tana wallafa su a rumbunta na RePORTER, Tarayyar Turai a CORDIS, Birtaniya a Gateway to Research. Kowa zai iya shiga ya rubuta fanninsa, ya ga wane malami ne, a wace jami'a, ya samu kuɗin me, daga yaushe zuwa yaushe. Malamin da tallafinsa ya fara wata biyu da suka wuce ma'aikata yake nema, ko da tallar ba ta fito ba tukuna. Wanda tallafinsa ya rage wata takwas kuwa, ko yana son ka ba shi da abin da zai biya ka. Mafi yawan masu neman aiki ba su taɓa leƙa waɗannan rumbuna ba, alhali kyauta ne.

Akwai wani kaso na tallafin da jami'a take karɓa don ɗawainiyar gini, wutar lantarki, da ofisoshi. A manyan jami'o'in Amurka wannan ƙari sau da yawa yakan haura rabin kuɗin aikin kansa. Daga irin wannan kuɗi, haɗe da kuɗin gida, ake biyan wani rukunin ma'aikata da ɗalibi ba ya ma sanin da su: jami'an kiyaye haɗari, masu kula da gidan dabbobin gwaji, masu shirya kasafin tallafi da rahotanninsa, masu kula da ka'idojin bincike a kan ɗan'adam, da ofishin da ke mayar da abin da aka gano ya zama lasisi ko kamfani. Wannan ofishi na ƙarshe ya yaɗu a Amurka bayan dokar Bayh-Dole ta 1980, wadda ta bai wa jami'o'i damar mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati. Duk waɗannan ayyuka suna son mutumin da ya san kimiyya, kuma da yawansu ba sa neman digiri na uku.

To da takardunka na yanzu, ina za ka iya shiga? Gurbin da ya fi kusa da kai shi ne mataimakin bincike ko mai fasahar ɗakin gwaji a ƙarƙashin malami ɗaya. Kai ne za ka riƙa renon ƙwayoyin halitta, ciro DNA, gudanar da PCR (dabarar ninka guntun DNA ya yi yawa), haɗa sinadarai, da rubuta sakamako. Yawanci kuɗin tallafi ne, kwantiragin shekara ɗaya zuwa uku. Sama da shi akwai manajan ɗakin gwaji, wanda ke sayen kayan aiki, ya san abin da ke cikin kowace firiza, ya horar da sababbin shiga, ya tsaya wa masu duba ka'idoji idan sun zo. Malamai sukan yi iya ƙoƙarinsu su riƙe manaja nagari daga wannan tallafi zuwa wancan, domin ɗalibai suna zuwa suna tafiya, shi kuwa a kansa tarihin ɗakin yake.

Amma inda nake so ka sa ido sosai shi ne cibiyoyin na'urori na tarayya. Kimiyyar yau ta dogara da na'urorin da babu malami ɗaya da zai iya saye ko riƙewa shi kaɗai. Babban maikiroskob mai aiki da lantarki a kan samfurin da aka daskarar, fasahar da ta ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2017, kuɗinsa miliyoyin Dala ne. Maganaɗisun na'urar NMR, mai gano tsarin ƙwayoyin sinadari, a cikin ruwan hiliyam yake zaune, a sanyin da ya kai kusan digiri 269 ƙasa da sifili, kuma idan aka yi sakaci ruwan ya ƙafe maganaɗisun yakan rasa ƙarfinsa, tayar da shi kuma ya ci lokaci da dukiya. Haka na'urorin karanta jerin DNA, da na auna nauyin ƙwayoyin sinadari, da na tantance ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya, da manyan kwamfutocin lissafi. Sai jami'a ta tara su wuri guda, ta sa musu ma'aikata, kowane ɗakin bincike ya zo ya yi amfani ya biya daga tallafinsa.

Me ya sa wannan ya fi kwanta mini? Saboda cibiyar ba a kan tallafi ɗaya take tsaye ba. Malamai talatin ko hamsin ne suke kawo mata aiki, idan kuɗin wannan ya ƙare na wancan yana tafiya. Sannan sanin halin irin waɗannan na'urori yana cin shekaru. Wanda ya kai matsayin da zai dubi hoton da ya fito ya ce matsalar daga samfurin take ko daga na'urar, jami'a ba ta son ta rasa shi, kamfanonin da ke ƙera na'urar ma suna zawarcinsa, haka kamfanonin magunguna. A cikin duk guraben kimiyya da ke jami'a, bayan kujerar farfesa, nan ne aikin dindindin ya fi yawa. Kuma mutum yana ganin bincike iri-iri: yau masu cutar daji, gobe masu tsirrai, jibi masu ƙera batir.

Na san abin da ke ran matasa da yawa game da wannan aiki: ana ganin kamar na wanda ya kasa ne. Wannan tunani yana ɓata mini rai, domin na ga abin da hannu mai kyau yake yi wa bincike. Vivien Thomas ya fara aiki da likitan tiyata Alfred Blalock a jami'ar Vanderbilt a 1930 ba shi da digiri ko ɗaya, ya bi shi Johns Hopkins a 1941. Shi ya ƙware a kan dabarar tiyatar jarirai masu ciwon zuciyar da ke sa jikinsu ya yi shuɗi, ta hanyar gwaji a ɗakin bincike, kuma a 1944 da aka fara yi wa jaririya aikin, yana tsaye bayan Blalock yana yi masa jagora. June Almeida ta bar makaranta tana da shekara 16, ta fara a matsayin mai fasahar ɗakin gwaji a wani asibiti a Glasgow, ta koyi maikiroskob mai lantarki a Toronto, kuma ita ce ta fara ɗaukar hoton ƙwayar cutar korona ta ɗan'adam a Landan a shekarun 1960. Sai dai labarin Thomas yana da ɓangare mai ɗaci da ya kamata ka sani: babu sunansa a takardar da aka wallafa kan tiyatar a 1945, kuma sai a 1976 Johns Hopkins ta ba shi digirin girmamawa. Wariyar launin fata ta wancan zamani tana cikin dalilan, raina masu fasaha ma yana ciki, kuma wannan na biyun bai gushe gaba ɗaya ba. An samu ci gaba: jami'o'in Birtaniya da dama sun sa hannu a alƙawarin mutunta masu fasaha da aka ƙaddamar a 2017, mujallu da yawa kuma yanzu suna amfani da tsarin CRediT, mai rukunai 14, inda ake rubuta abin da kowa ya yi a cikin bincike. Duk da haka, tun ranar ganawa ka tambaya: a wannan ɗaki, mai fasaha yana shiga jerin marubutan takarda idan aikinsa ya kai? Amsar za ta nuna maka halin mai ɗakin.

Idan kana da kai a lissafi da kwamfuta, akwai wata ƙofa da take a buɗe sosai. Na'urori suna fitar da bayanai fiye da yadda masu bincike suke iya tacewa. Mai digiri a fannin halittu da ya iya harshen rubuta manhajar kwamfuta irin Python ko R, ya san ƙididdiga daidai gwargwado, ya iya aiki a kan tsarin kwamfuta na Linux, ɗakuna da yawa suna nemansa ruwa a jallo. Wannan kuwa abu ne da za ka iya koya da kwamfutarka da bayanan da ke rumbunan bayanan halittu na NCBI da na EMBL-EBI kyauta, ka ɗora aikinka a shafin GitHub na intanet inda mai ɗaukar aiki zai gani da idonsa.

Kada kuma ka manta wasu manyan ɗakunan bincike na gwamnati jami'o'i ne ke gudanar da su, amma shafin guraben aikinsu daban yake. A Amurka, jami'ar California ce ke riƙe da ɗakin Lawrence Berkeley, wanda asalinsa ya koma 1931. Jami'ar Caltech ce ke gudanar wa hukumar sararin samaniya ta NASA da ɗakin JPL. Jami'ar Chicago ce ke da alhakin ɗakin Argonne. Injiniyoyi da masu fasaha suna da yawa a irin waɗannan wurare, sai dai wasu guraben a can na 'yan ƙasa ne kawai saboda dalilan tsaro, don haka ka karanta sharuɗɗan kafin ka ɓata lokacinka.

Yanzu digiri na uku. Abu na farko, a wasu ƙasashe shi kansa aiki ne. A Holan, Siwidin, Danmak da Norwe, yawancin masu yin sa ma'aikatan jami'a ne, da kwantiragi da albashi da fansho, kuma ana tallata gurbin kamar kowane aiki. A Jamus ma da yawa haka suke. Saboda haka zaɓin ba lallai ya zama tsakanin karatu da albashi ba. Abu na biyu, ka shiga da idonka a buɗe. Farfesa ɗaya yakan yaye ɗalibai masu digiri na uku da yawa a rayuwarsa, amma idan ya yi ritaya kujera ɗaya ya bari. Wani rahoton ƙungiyar Royal Society ta Birtaniya na 2010 ya ƙiyasta cewa a cikin masu digiri na uku a kimiyya a ƙasar, kashi 3.5 cikin ɗari ne ke samun aikin bincike na dindindin a jami'a, ƙasa da rabin kashi ɗaya kuma ke zama farfesoshi. Tsakanin digirin da kujerar akwai shekarun binciken bayan digiri, wanda ake kira fosdok, kwantiragi na shekara biyu ko uku, sau da yawa a gari daban ko ƙasa daban kowane karo. A Jamus dokar 2007 ta ƙayyade irin wannan aikin wa'adi da kuɗin gida zuwa shekara 6 kafin digirin da 6 bayansa. A Amurka wanda ya samu gurbin ƙaramin farfesa yakan yi kimanin shekara 6 yana gwaji kafin a tabbatar da shi ko a sallame shi.

Ba hana ka nake yi ba. Idan kana da tambayar da ta hana ka sukuni, kana son wata rana kai ne za ka zaɓi abin da za a bincika, to babu wata hanya sai wannan, kuma tana da daɗin da ba a samu a wani wuri. Amma idan abin da kake so shi ne aikin hannu a ɗakin gwaji da albashi mai ɗorewa, digirin ba sharaɗi ba ne. Shawarar da nake bai wa mai irin takardunka ita ce ya yi shekara biyu a matsayin mataimakin bincike tukuna. Zai ga rayuwar daga ciki, hannunsa zai faɗa, zai samu malamin da ya san shi da gaske wanda zai rubuta masa takardar shaida, wataƙila har sunansa ya fito a takarda ɗaya ko biyu. Idan daga baya ya nemi digiri na uku, ya fi wanda ya fito daga aji kai tsaye ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sai ɓangare na biyu na tambayarka, abin da ake dubawa.

Tallar aiki takan raba sharuɗɗa gida biyu: waɗanda dole ne, da waɗanda ake so idan an samu. A jami'o'i da yawa kwamiti yana da takarda a gabansa, yana bin sharuɗɗan dole ɗaya bayan ɗaya yana ba da maki bisa hujjar da ka rubuta. Abin da ba ka rubuta ba, ko ka iya shi, ba za a ba ka makinsa ba. Saboda haka wasiƙarka ta bi sharuɗɗan nan da misali. "Na iya PCR" kowa ya rubuta. Ka ce wane irin samfuri ka yi aiki da shi, kai ka tsara faraimominka (gajerun guntayen DNA da ake fara PCR da su) ko ba ka aka yi, wace matsala ka ci karo da ita, yaya ka gano tushenta. Layi uku irin wannan sun fi shafi guda na cewa kai mai himma ne mai son aiki da jama'a. Kuma kada ka rubuta fasahar da sau ɗaya ka gani ana yi a aji, domin a ganawa za a tambaye ka, wanda ya yi shekaru yana aikin kuma cikin tambaya biyu zai gane.

A ganawar kanta, ni tambayoyi biyu ba na barin su. Na farko ƙaramin lissafi: kana da ruwan gishiri mai ƙarfin mola 1 (mola ma'auni ne na yawan sinadari a cikin ruwa), ana son mililita 500 mai ƙarfin mola 0.1, yaya za ka yi? Amsar ita ce ka ɗebi mililita 50 ka cika da ruwa har ya kai 500. Masu manyan takardu da yawa sukan daburce a nan, alhali wannan ne aikin kullum. Na biyu: ba ni labarin gwajin da ya ƙi yi maka. Wanda ya ce bai taɓa samun haka ba, ko bai yi aiki sosai ba ko ba ya faɗin gaskiya. Ina son in ji yadda ya bi sawun matsalar, ko ya sa samfurin kwatanci, ko ya rubuta abin da ya faru a littafinsa, ko ya je ya faɗa wa na gaba da shi da wuri. Dalilin wannan tambaya amana ce. Jagoran bincike ba zai iya tsayawa a kanka yana kallo ba. Lambar da ka miƙa masa a kanta zai gina takarda, ya sa sunansa, ya nemi tallafi na gaba. Ma'aikacin da ya zo ya ce na rikita kwalabe biyu, sai an sake, ya fi masa daraja sau dubu a kan wanda ya yi shiru ya gyara lambar. Shi ya sa takardun shaida suke da nauyi haka a wannan fage, har wasu malamai sukan ɗauki waya su kira wanda ya rubuta. Ka zaɓi wanda ya ga hannunka a kan aiki, ko da ƙaramin malami ne, a kan babban farfesan da sunanka kawai ya sani.

Kiyaye haɗari ma ana dubawa, kuma kai ma ka duba su. Ɗakunan ƙwayoyin cuta matakin tsaro huɗu gare su, daga na ɗaya zuwa na huɗu inda ake aiki da irin su Ebola. Ka san a wane mataki ka taɓa aiki, ka faɗa. A ƙarshen 2008 wata matashiya mataimakiyar bincike mai shekara 23 a jami'ar California da ke Los Angeles ta ƙone yayin ɗibar wani sinadari mai kama wuta da zarar ya haɗu da iska, ba ta sanye da rigar kariya, ta rasu bayan kwana 18. Lamarin ya kai kotu, ya kuma sa jami'o'i da yawa suka sake tsarin horar da sababbin ma'aikata. Idan aka zagaya da kai ɗaki ka ga mutane babu tabarau, ga kwalabe babu suna, ga abin sha kusa da sinadarai, ka yi tunani sau biyu komai sunan jami'ar.

Game da wallafe-wallafe: ga gurbin mai fasaha ba dole ba ne, kuma takarda a mujallar bogi, irin wadda ke karɓar kuɗi ta buga komai cikin mako guda, tana rage maka ƙima a idon kwamiti. Gara babu da ita. Ka buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike a intanet, kyauta ce, ka tara aikinka na gaskiya a ƙarƙashinta.

Wuraren duba talla kuwa ba su da wuyar samu: shafin guraben aiki na ita jami'ar, EURAXESS na Turai, jobs.ac.uk na Birtaniya, da shafukan ayyuka na mujallun Nature da Science. Idan za ka rubuta wa malami kai tsaye, imel ɗin ya zama gajere. Ka karanta takardun bincikensa biyu na baya-bayan nan, ka ambaci abu ɗaya takamaimai da ya ja hankalinka, ka faɗi fasahar da kake da ita wadda aikinsa ke buƙata, ka haɗa takardar tarihin karatunka da aikinka. Saƙon da aka aika wa mutum ɗari lokaci guda ana gane shi daga layin farko. Sannan jami'a ta gaskiya ba ta karɓar ko sisi don ta ɗauke ka aiki. Duk wanda ya turo maka takardar ɗauka ba tare da ganawa ba, daga adireshin da ba na jami'ar ba, yana neman kuɗin rajista ko na biza, ɗan damfara ne.

Idan aikin a wata ƙasa yake, jami'o'i sun fi yawancin kamfanoni sauƙin samar da izini. A Amurka ba sa cikin ƙayyadadden adadin bizar aiki ta H-1B na shekara-shekara, a Tarayyar Turai kuma akwai izinin zama na musamman ga masu bincike bisa yarjejeniyar karɓar baƙo da cibiyar ke sa wa hannu. Amma wannan sauƙi ya fi shafar masu digiri na uku da ɗalibansa. Ƙananan guraben fasaha sau da yawa albashinsu ba ya kai mizanin biza, don haka ka duba ko tallar ta ce suna ɗaukar nauyin baƙo.

In Allah ya sa aka yi maka tayi, kada murna ta hana ka tambaya kafin ka sa hannu. Daga wane kuɗi za a biya ni, na gida ko na tallafi? Idan na tallafi ne, wace rana zai ƙare, kuma an nemi sabuntawa? Albashi ne mai fansho da inshorar lafiya, ko alawus ne kawai? Wannan bambanci babba ne, musamman ga mai iyali. Wanda ya riƙe gurbin kafin ni ina ya tafi? Malamin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, yakan ma ba ka adireshin tsofaffin mutanensa. Ka rubuta wa biyu daga cikinsu, waɗanda suka riga suka bar ɗakin, domin su ne za su iya faɗa maka gaskiya ba tare da tsoro ba. A wannan aiki wanda kake ƙarƙashinsa ya fi sunan jami'ar tasiri a kan rayuwarka ta yau da kullum.

Idan kwantiragin na wa'adi ne, ka rubuta ranar ƙarewarsa inda za ka riƙa gani, ka fara neman na gaba tun saura wata shida, da sanin mai ɗakinka. Jami'o'i da yawa, musamman a Birtaniya, suna fara nuna sababbin gurabe ga ma'aikatansu da wa'adinsu ya kusa cika kafin su tallata wa na waje, sai ka tambayi ofishin ma'aikata yadda ake shiga wannan jeri. Kafin lokacin kuma, duk sa'ad da aikinka ya kai ka cibiyar na'urori, kada ka ajiye samfuri ka juya. Ka nemi izini ka zauna kusa da mai sarrafa na'urar, ka yi horon da suke bayarwa har a ba ka damar aiki da ita kai kaɗai, a kuma rubuta maka shaidar hakan.